Digirin LL.M. a Amurka: inda lauyoyinmu ke tuntuɓe

Makarantun koyon aikin lauya na jami'o'in Amurka suna da digiri uku da ya kamata a bambance. J.D. shekara uku ne, shi ne digirin farko na lauya a can, kuma sai mai digiri a wani fanni ke shigarsa, galibi bayan jarrabawar share fagen shiga da ake kira LSAT. LL.M., wato digiri na biyu a fannin shari'a, shekara ɗaya ne, daga Agusta zuwa Mayu, kuma shi ne ƙofar wanda ya gama LL.B. a Zariya ko Kano ko Maiduguri. S.J.D. kuwa digirin digirgir ne na bincike, kuma jami'a irin Harvard yawanci daga cikin ɗalibanta na LL.M. take ɗauka. Ke nan mai son zama malamin jami'a tun wajen zaɓar inda zai yi LL.M. yake zaɓar inda zai nemi na ukun.

Ba a neman LSAT don LL.M. Abin da ake dubawa shi ne sakamakon digiri, wasiƙun shaida biyu ko uku, bayanin da mutum ya rubuta a kan kansa, da shaidar iya Turanci. Manyan makarantu kan nemi maki 100 cikin 120 a TOEFL, wasu kuma suna karɓar IELTS daga 7.0. Sakamakon shekara biyu kawai yake aiki. Wasu na yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci, amma yafewar roƙonta ake yi a rubuce, ba ɗauka ake yi an yafe ba.

Abin da ya fi kashe takardun mutanenmu ba rashin ƙoƙari ba ne, lokaci ne. Yawancin makarantu ta hannun LSAC, hukumar da ke tattara takardun masu neman gurbi, suke karɓar takardun sakamako, ita kuma ba ta karɓa daga hannun ɗalibi. Sai jami'ar da kanta ta aiko. Bayan sun isa, LSAC tana ɗaukar makonni tana tantance su. Harvard kan rufe karɓa ranar 1 ga Disamba, wasu a tsakiyar watan, wasu kuma sai Janairu ko Fabrairu. Wanda ya san yadda fitar da takardar sakamako ke jan ƙafa a jami'o'inmu ba zai jira Oktoba ba. A fara tun Yuni. A kuma duba suna: idan fasfo ya ce Muhammad, takardar digiri ta ce Mohammed, ta makarantar lauyoyi kuma ta sa sunan uba a gaba, fayil zai iya rabuwa gida biyu, kowane rabi yana jiran ɗan'uwansa.

Wasiƙar shaida daga malamin da ya duba aikinka na shekarar ƙarshe ta fi ta babban alƙalin da bai taɓa karanta rubutunka ba. Masu tantancewa suna gane yabon da ba shi da misali.

Sai maganar jarrabawar zama lauya a jihar New York, wadda don ita da yawa ke zuwa. Dokar kotun ƙolin jihar, sashe na 520.6, ita ce ke fayyace wanda ya cancanci zama jarrabawar lauyoyi da digirin waje. Ana duba abu biyu: tsawon karatun, da ko ya ginu a kan dokar Ingila irin wadda Amurka da Najeriya suka gada. Wanda digirinsa ya cika duka biyun yana iya zama ko da bai yi LL.M. ba. Wanda ya gaza a ɗaya, kamar lauyan Nijar ko Chadi da ya karanta tsarin Faransa, LL.M. na cike masa giɓin. Amma giɓi ɗaya yake cikewa, ba biyu ba.

Kuma ba kowane LL.M. ba ne. Dole ya kai kiredit 24 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), a cikin aji a Amurka, cikin zango biyu aƙalla, a gama cikin wata 24. A cikinsu sai an samu biyu na ladubban aikin lauya, biyu na bincike da rubutun shari'a, biyu na gabatarwa ga tsarin shari'ar Amurka, da shida na darussan da ake tambaya a jarrabawar, irin su dokar kwangila ko dokar shaida. Rabin digirin ya tafi ke nan. A nan ne ake faɗawa rami: mutum ya cika jadawalinsa da dokar man fetur da sasancin ƙasa da ƙasa saboda su ne abin sha'awarsa, sai a watan Afrilu ya gano kiredit biyu sun yi masa cikas, alhali rajistar darussa ta rufe tun Janairu. Ita ma hukumar jarrabawar tana da nata tantancewar daban da ta LSAC, mai ɗaukar watanni, don haka a aika mata takardu tun kafin a fara karatun.

Kuɗi ba na wasa ba ne. A manyan makarantu kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 70,000, idan aka haɗa da masauki da inshorar lafiya ya wuce 100,000. Makaranta ba za ta ba da takardar I-20 ta neman bizar F-1 ba sai an nuna kuɗin shekarar duka. Tallafi ana nemansa ne tare da gurbin, ba bayan an samu ba. Tun daga 2025 kuma Amurka ta tsaurara shiga ga 'yan ƙasashe da dama na Afirka, ciki har da Chadi da Sudan, saboda haka a tabbatar da matsayin biza kafin a biya kuɗin kama gurbi, wanda galibi ba a mayarwa.

Bayan kammalawa, bizar na ba da damar aiki na wata 12. Neman izinin ana iya shigar da shi tun kwana 90 kafin ranar gama karatu.