Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Likitar Kwaɗi

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya inda na samu gurbin digiri na biyu, amma yau sai kun yi haƙuri, maganar Kawu ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Shi ne fa ya laƙaba min likitar kwaɗi. Wai ya ji a bakin yaran gidanmu na Agege cewa a ɗakin gwaji kwaɗo muke feɗewa muna sa wa jijiyar ƙafarsa lantarki mu ga tsoka ta harba, shi ke nan duk biki ko suna sai ya ɗaga murya, ina likitar kwaɗin? Fisiyoloji na karanta, wato yadda sassan jiki ke aiki, ba na rubuta wa kowa magani, to a wurinsa kuɗin da Baba ya tara a kwandunan attaruhu a kasuwar Mile 12 ta Legas asara kawai aka yi.

Bai taɓa tambayata me ya kai ni binciken ciwo ba. Autanmu sikila ne. In abin ya motsa, yawanci da damina, kwana yake yana ihu, ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje sun toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi na neman iska babu. Kawu ya leƙo ya ce raki ne, namiji ba ya haka. Inna ba ta ɗago kai, tana murza masa ƙafa tana cewa mai ciwo shi ya san ciwonsa.

Wannan murzar ce na tarar a takarda bayan shekaru. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka ce akwai wata ƙofa a cikin laka, saƙon zafi yana bin siraran jijiyoyi, saƙon taɓawa yana bin masu kauri da suka fi sauri, in ka murza wurin sai masu kaurin su tura ƙofar, zafin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Wallahi a laburare na yi kuka ranar, don Inna ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba amma abin da take yi kenan har asuba. Auta bai kai ga ganin na zama lakcara ba, Allah ya jiƙansa. Raki fa Kawu ya ce.

Na tsallake da yawa, zancen aure da na digiri na uku sai wani makon. A 2021 aka ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel kan gano yadda jiki ke jin zafi da taɓawa, kuma shi Julius da sinadarin yajin barkono ya gano nasa a 1997, wani ɗan maɓalli a jikin jijiya da barkono ke kunnawa, shi ne dai kuma zafin da ya haura digiri 43 a ma'aunin Celsius ke kunnawa. Mu da ma da kalma ɗaya muke kiransu, zafin wuta, zafin barkono, zafin ciwo. Har yau da attaruhu nake shiga aji in zan koyar da wannan darasi, irin wanda ya biya min makaranta.

To shekaranjiya Kawu ya kira ni da daddare, wai tafin ƙafarsa kamar ana hura masa garwashi, yaransa sun ce ba su ga komai ba. Na ce Kawu ku je asibiti a auna suga, yana cin jijiyoyin ƙafa, na tura masa kuɗin mota. Kalmar raki ta zo min har bakin harshe, na tuna Inna, na haɗiye.