Yadda muka zauna da masunta da Fulanin ruga bayan ambaliyar 2022

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Auyo, bakin kogin Haɗeja, kuma duk wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa ba sai an ba shi labari ba. Shinkafarmu ta fara fidda kai ruwa ya hau ta cikin dare, gero ma da ke kan tudu bai tsira ba, muka koma kwana a firamare da yara da awaki. Abin da ya fi ƙona min rai ma bayan ruwan ya janye ne, domin burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya zama tafki, makiyaya suka ratso ta ɗan abin da ya rage na gonaki, saura ƙiris a zubar da jini tsakaninmu da mutanen da tun kakanni muke sayen nono a hannunsu.

To bayan an lafa sai mu matasa muka ce bari mu kira mitin. Na farko bai yi ba gaskiya, mun sa shi ranar kasuwa, kuma mu kaɗai manoma muka zauna muna ta zagin waɗanda ba sa wurin. Wani dattijo cikin masunta shi ya ja ni gefe ya ce, ɗana, ku da kuke neman maganin ruwa ba ku kira masu kwana a kan ruwa ba, ba ku kira masu yawo gaba da shi ba, da wa za ku yi? Na ce Baba to ya za a yi, ya ce ku je wajen dagaci ya aika wa Arɗo da goro.

Haka akai. Zama na biyu a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar, a nan na ga ashe kowa na riƙe da guntun sani amma ba wanda ya taɓa haɗa su. Masunta sun san duk inda kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, ta toshe hanyar ruwa, suka nuna mana cewa in ta cika bakin rafi ruwan baya yake yi ya fasa ta gonaki, kuma a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana su fito su cinye shinkafa. Tsofaffi sun san asalin inda burtali ya bi kafin a nome shi, har itatuwan da ke kan iyaka sun lissafo, kuma wallahi wasu daga cikin waɗanda suka cinye burtalin 'yan uwana ne na jini, faɗin hakan a gabansu bai yi min daɗi ba amma gaskiya ce. Mu kuma masu waya muna ganin hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke fitarwa farkon shekara, da sanarwar da ake yi a rediyo in madatsun ruwa na Tiga ko Challawa da ke Kano sun cika sun fara amai.

Arɗo ne ya kawo abin da ban taɓa tunani ba. Ya ce ranka ya daɗe, muna da 'yan uwa da ke kiwo wajen Wudil da Ringim, ruwan da zai zo muku ta gabansu yake fara wucewa da kwanaki, kullum suna faɗa mana mu ɗaga ruga, ba wanda ya taɓa tambayarmu ne kawai. Wurin ya yi tsit.

Daga nan muka buɗe gurup a WhatsApp, da farko muna rubutu sai muka ga rabin mutane ba sa karanta boko, muka koma saƙon murya da Hausa da Fulatanci, wanda ba shi da babbar waya kuma liman ya faɗa a lasifikar masallaci ko mai shela ya zaga. Mata ma sai daga baya muka gane kuskuren barinsu, alhali su ke ɓoye iri, su suka san rijiyar da ke fara gurɓata in ruwa ya shigo, yanzu suna nasu zaman a gidan ungozoma ta kawo mana abin da suka yanke.

Da rani muka yi gayya, masunta a kwalekwale da lauje suna yankan kachala, mu muna cika buhu da ƙasa muna ɗaga jinga, samarin ruga suka zo da amalanken shanu suna jido mana ƙasar. Kachalar nan fa tana dawowa, hannu kaɗai ba ya gama da ita, sai an samu injin gwamnati ya yashe manyan hanyoyin, wannan har yau muna kai kuka. Burtali kuma mun buɗe shi amma ba duka ba, akwai mutum biyu da suka ƙi matsawa, maganar na gaban hakimi.

Abin da ya fi kama ƙasa shi ne ranar sakin gona. Yanzu dagaci da Arɗo ke tsayar da rana bayan an gama kwashe amfani, kafin ranar saniya ba ta shiga, bayan ranar kuma ba mai ƙona kara, shanu su ci su bar mana taki. In an yi ɓarna mutum uku ke zuwa dubawa, manomi ɗaya, makiyayi ɗaya da wakilin dagaci, a yanke kuɗi a wurin. Bara sau biyu akai haka, ɗaya a gonar kawuna, aka biya shi kafin magariba, da safe matar makiyayin ta kawo masa ƙwaryar nono.