Inda aka kwana kan Peugeot 404: an rufe ramin daɓen direba

Ƴan uwa masu koyon gyaran jikin mota, ga inda aiki ya tsaya kan tsohuwar 404 ɗin da ke garejinmu a nan Yamai. An gama daɓen wajen direba, saura gindin ƙofar baya da mazaunin batir. Ku tuna wannan ƙira, wadda Peugeot ta fara fitarwa a 1960, ba ta da sasi daban irin na babbar mota. Jikin ne ke ɗauke da nauyi, don haka ramin daɓe ya wuce maganar ado.

Mutane kan yi mamakin tsatsa a ƙasar da rana ta fi ruwa yawa. Ƙura ce ke jawo ta. Ta hunturu da jar ƙasar hanya suna toshe ƴan hudojin da aka bari a gindin ƙofofi don ruwa ya fita. Damina na sauka daga Yuni zuwa Satumba, ƙurar ta zama taɓo, ta riƙe laima a jikin ƙarfe. Ga robar gilashin gaba da rana ta tsattsage, ruwa na bi ta nan ya kwanta ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Shi ya sa tsatsar nan daga ciki take ci, kafin ta bayyana a fenti ta riga ta yi nisa.

Ramin da ido ya gani bai kai tafin hannu ba. Da aka gurje fenti da baƙin shafen ƙarƙashi, aka bi gefen da tsinin turnabis ana dannawa, sai ya ninka. Duk inda ƙarfe ya lotsa ko ya yi ɗigo-ɗigon rami, ya mutu. A ja layi santimita 2 bayan inda tsatsa ta ƙare, a yanke a nan. Kusurwoyin yankan su zama masu lanƙwasa, don zafi na taruwa a kusurwa mai tsini ya huda ta. Kafin a kunna injin yanka a cire kan batir, a leƙa ƙarƙashi a ga inda bututun mai da na birki suka bi, a kwashe kujeru, a rufe gilasai. Tartsatsi na manne wa gilashi, kuma ba ya fita.

Ƙarfen faci ya zama kaurinsa ɗaya da na motar: kamar milimita 0.8 a ƙofa da fuka-fuki (ƙarfen da ke saman taya), milimita 1 a daɓe. Murfin inji ko rufin wata matacciyar mota daga wajen masu tsofaffin ƙarafa a kasuwar Katako ya fi komai dacewa. Kwanon rufin ɗaki kam a bar shi. Ya yi siriri, kuma tutiyar da ke jikinsa tana ɓata walda, hayaƙinta na sa zazzaɓi. A ɗora kwali a kan ramin a zana, a yanka ƙarfe bisa kwalin, a yi ta gwadawa ana ragewa har ya zauna baki da baki, da tazarar da ba ta kai milimita 1 ba. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauri, amma tsakanin biyun nan ne laima za ta sake maƙalewa.

Wajen walda ne aka fi ɓata aiki, kuma zafi ne ke ɓata shi. Sandar walda ta milimita 2.5 da ake haɗa ƙofar gida da ita huda wannan ƙarfe za ta yi. In akwai injin MIG, wato injin walda mai turo waya da kansa, a sa waya ta milimita 0.6. In gas ɗin karbur ne a hannu, kamar yadda yake a yawancin garejojinmu, a ɗaura ƙaramin baki, a yi da wayar ƙarfe. Tagulla tana da daɗin narkewa, amma walda ba ta kamawa a kanta daga baya, ragowar garin da ake narka ta da shi kuma na ɗaga fenti.

Kada a ja layi ɗaya tiryan-tiryan. A riƙe facin da maganaɗisu, a ɗiga a wurare huɗu, sannan a bi ana ɗigawa kowane santimita 3, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A dakata har hannu ya iya taɓa wurin, a dawo a cike tsakani. Kowane ɗigo in ya huce yana jan ƙarfe ya tsuke, shi ke kawo murɗewa. Maganinsa a tokare da dunƙulen ƙarfe a baya, a ɗan bubbuga ɗigon da guduma ya saki. Kada a kwara ruwa don sauri. In wuri ya hude, a danna falle na jan ƙarfe a bayansa a cike, walda ba ta manne masa.

Gurza kuma da sauƙin hannu: faifan gurza mai kaushi lamba 40 a kan tudun waldar kaɗai, sai lamba 80 mai ɗan laushi. In ƙarfe ya fara yin shuɗi, zafi ya yi yawa. Bayan nan a sa tocila a ƙarƙashi cikin duhu, duk inda haske ya ɓullo a sake ɗigawa.

Mastik, kwaɓin da ake shafawa a jikin mota kafin fenti, aikinsa daidaita fuska, bai kamata ya wuce milimita 3 ba, kuma yana shan ruwa. Wanda aka cusa a rami kan raga ko kwali damina ɗaya ko biyu zai kumbura. Maganin daskarewarsa kashi 2 cikin 100 ya isa. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, kwaɓin na iya sandarewa kafin a gama shafawa, sai a kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe a inuwa. A daɓe ba mu sa shi ba sam. An wanke maiko, an fesa fentin ƙasa na efoksi sama da ƙasa, an bi layin waldar da abin toshe gaɓa, sannan baƙin shafe a ƙarƙashi.

Na gaba shi ne gindin ƙofar baya, inda ƙarfe ya yi ninki kuma tankin mai na kusa. Sai an sauke tankin an kai shi nesa kafin wuta ta matso, ko da babu mai a ciki, don tururin ne ke fashewa. Mazaunin batir kuwa za a fara wanke shi da ruwan kanwa ya kashe asid ɗin da ya zuba, ya bushe sarai, sannan a auna abin da za a yanke.