Saka fulogin cikin manhajar waya: inda wahalar take

A ɗakin taro maganar tana da daɗin ji. Maimakon a cusa komai cikin manhaja guda, a gina ƙaramar uwar manhaja, sauran ayyuka kuma su zama fulogin, wato sassa masu zaman kansu da ake maƙalawa bayan manhajar ta riga ta shiga waya. Tamu manhajar ta masu sana'ar POS ce, kuma hujjarmu tana da ƙarfi. Wanda cirar kuɗi da sayar da kati kawai yake yi, me zai sa ya ƙona datarsa wajen sauke sashen biyan kuɗin wuta? Ga wayoyin da yawancinsu ke riƙewa, itel ne da Tecno, kullum suna kukan wuri ya cika.

Loda kod daga waje shi ne mafi sauƙi a aikin. Android na da DexClassLoader, wato abin da ke loda kod daga fayil na waje, tun da daɗewa, nan da nan za ka nuna wa shugabanni gwaji su tafa. Bayan tafin ne za ka tarar Android ba ya buɗe shafin da ba a rubuta sunansa cikin AndroidManifest ba, wato fayil ɗin da ke jera shafukan manhaja, tun ranar da aka ɗora manhajar. Kamfanonin Sin, inda Google Play ba ya aiki, sun yi wa wannan dabara. Qihoo 360 ya fitar da DroidPlugin a 2015, Didi ya fitar da VirtualAPK a 2017. Sai su yi rajistar shafukan da babu komai a cikinsu, idan Android ya zo buɗewa su musanya da na fulogin. Dabarar ta burge ni ƙwarai, sai dai da ɓoyayyun hanyoyin cikin Android ta dogara, kuma daga Android 9 a 2018 Google ya fara toshe su.

Ga kuma doka. Manhajar da ke Google Play ba ta da izinin sauko da kod irin na dex, wato siffar kod ɗin da Android ke aiwatarwa, daga wani wuri. Apple ma haka, a 2017 ya gargaɗi masu amfani da JSPatch, wata hanyar canza kod ɗin manhajar iPhone daga nesa. Abin da Google ya yarda da shi shi ne App Bundle, wanda ya zama dole ga sababbin manhajoji a Agustan 2021, inda za ka raba manhaja sassa-sassa a riƙa saukewa idan an buƙata. Yana rage nauyi, amma ba za ka sabunta sashe ɗaya ka bar uwar ba, tare suke tafiya. Don haka muka raba hanya: wayoyi ta Play, na'urorin POS masu Android waɗanda mu ke ɗora musu manhaja kuma suka samu fulogin na gaske.

A can na gane cewa aikin duka yana kan iyakar da ke tsakanin uwa da fulogin. Akwai wani saƙon kuskure da duk mai wannan aiki zai haɗu da shi: a ce kana da wani guntun kod mai suna Rasit, na'ura ta ce ba za ta karɓi Rasit a matsayin Rasit ba. Suna ɗaya, harafi da harafi. Dalili shi ne an saka kod ɗin Rasit a cikin uwa, an kuma saka kwafinsa a cikin fulogin, kowanne da mai loda shi daban, shi kuwa Android abubuwa biyu yake gani. Maganin shi ne duk abin da ɓangarorin biyu ke miƙa wa juna ya zauna a wajen uwa kaɗai. Shi ma R8, mai tsuke kod kafin a fitar, idan ba ka ja masa kunne ba zai share aikin da uwa ba ta kira da kanta, alhali fulogin na jiransa. A kwamfutarka komai lafiya, sai a hannun mai shago.

Wanda ya fi ɗaure ni shi ne tsufa. Mai POS ba ya sabunta abin da ke yi masa aiki, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka uwarka ba ɗaya ba ce a kasuwa, akwai ta bana, ta bara da ta bara waccan. Sabon fulogin ya nemi abin da tsohuwar uwa ba ta da shi, manhaja ta mutu ga kwastoma tsaye da katinsa. Kamar haya ce: da zarar ɗan haya ya shiga da mabuɗi, mai gida ba ya canza kwaɗo. Ƙa'idarmu ta koma a ƙara, kada a cire, kada a canza suna, kuma kowane fulogin ya faɗi mafi ƙarancin uwar da zai iya zama da ita kafin a loda shi. Masu OSGi, tsarin fulogin na yaren Java da Eclipse, manhajar rubuta kod, ya koma kansa a 2004, sun daɗe da wannan. Ɗaukar OSGi ɗungurungum zuwa ƙaramar na'ura ya yi mana nauyi, ƙa'idar kawai muka ara.

Tsaro ba ya buƙatar dogon bayani. Fulogin na aiki da duk izinin da uwa ke da shi, don haka ba a loda wanda ba a tantance sa hannunsa ba. Android 14 ma ya wajabta a kulle irin wannan fayil daga rubutu kafin a loda.

A ɓangaren wayoyi kuwa, Xender ne ya zo mana ta inda ba a zata ba. Mutanenmu ba sa sauke abin da maƙwabci ke da shi, sai dai "turo min". Sau da yawa uwar ce kaɗai ke ƙetarawa, sassan su tsaya a wayar farko, Play kuma ya ƙi bai wa manhajar sassan tunda ba ta hannunsa ta shigo ba. Dole muka koya wa uwa ta duba kanta da an buɗe ta, idan ta ga ba ta cika ba ta faɗa da Hausa, ta nuna maɓallin da zai kai mutum Play.