Nonon tumfafiya ya kusa cinye mini ido

Ƙayar aduwa ce ta karye mini a tafin hannu lokacin sharar gona. Na yi abin da kowa ke yi: na tsinke ganyen tumfafiya, na ɗiga nonon a bakin raunin don ƙayar ta taso. Wannan kam bai ba ni matsala ba. Matsalar ita ce bayan minti biyu na share gumi da bayan hannun nan, alhali nonon ya gangara can.

Idon ya ɗan yi zafi, ya yi hawaye, sai ya lafa. Lafawar nan ita ta yaudare ni. Da barkono ne da na ruga neman ruwa, amma gubar tumfafiya ba ta da raɗaɗi sosai, ratsawa take ta kumbura fatar nan mai sheƙi da ke kan baƙin ido. Na ƙarasa aikina, na kwana. Da asuba idon dama kamar an hura masa hazon hunturu, yatsuna ma da ƙyar nake ƙirgawa. Sai da na sha kusan mako biyu ina ɗiga maganin likitan ido kafin gani ya dawo, ga kuɗin mota, ga shuka ta wuce ni.

Abin da ya kamata in yi a take: in buɗe idon da yatsu masu tsabta, in riƙa kwarara masa ruwa mai kyau na minti 15 zuwa 20, ba tare da murzawa ba. Buta ɗaya ba ta isa. Daga nan asibiti, a ranar, ko da babu ciwo. Masu cewa a sa tozali, ruwan sikari ko nonon mai shayarwa, Allah Ya ba su haƙuri, ƙara ɓata idon suke yi.

In har sai ka taɓa tumfafiya, ka ba iska baya, domin reshen kan fesa nonon in an karya shi. Ka ɗauka da tsinke, ɗigo ɗaya. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa fuska, kafin alwala ma. Ni dai yanzu allura nake ƙonawa in cire ƙayata, in ta yi zurfi in je a yi mini allurar tetanus.

Sauran ciyayin ban daina amfani da su ba. Ɗanyen ganyen tafasa, cikin hannu guda, a daka a shafa wa makero safe da yamma na kamar mako biyu. Makeron kai kuwa sai da maganin sha. A dai kula kar a haɗa ta da rai-ɗore: ganyen tafasa bakinsa a dunƙule yake, ƙwansonta siriri mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore bakinsa da tsini. Ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore suna lalata hanta, yara da dabbobi sun fi shiga haɗarin. Ɗoɗɗoya a murje a shafa, tana rage sauro na ɗan lokaci. Zaƙami ko kusa ban zuwa.

Tumfafiyar da ta yi mini wannan aiki tana nan a kan iyakar gonar. Bana da na zo sare ta, tabarau na sa, na ɗaure hannu da leda.