Alhamdulillahi, na dawo gida

Jiya bayan la'asar aka sallame ni daga Asibitin Ƙashi na Dala, bayan kwana 23. Na kwana a ɗakin Hajiyarmu, barcin da rabona da irinsa tun ranar da ƙwaurina ya karye a filin ƙwallo. Jikin da saura, ku yi haƙuri idan ban amsa saƙon kowa ba.

Da yawa cikin masu yi min addu'a ba su san ni ba, har wata baiwar Allah ta rubuto tana tambaya, wai ni ɗalibin likitanci ne, ko bakanike, ko ɗan ƙwallo? Hajiya, duka ukun ne. A gareji na tashi, nan Ƙofar Ruwa, na riƙe sifana tun ina firamare. Yanzu ina aji huɗu a karatun likitanci a Jami'ar Bayero. Ƙwallo kuwa lamba biyar nake buga wa unguwarmu, kuma tun Pillars na ɗaukar kofi a jere, 2012, 2013 da 2014, marigayi Baba ke riƙe hannuna zuwa filin Sani Abacha. Sai masu gida.

Kun riga kun san yadda ƙwaurin ya karye a fili, ba sai na maimaita ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tsoron da na ji a cikin adaidaita sahu. Na miƙa hannu na taɓa yatsun ƙafar na ji su da sanyi, na lalubi bugun jini a saman ƙafar ban ji komai ba. Na karanta abin da hakan ke nufi, kumburi kan matse hanyar jini, cikin 'yan sa'o'i tsoka ta mutu. Wallahi a zuciyata na riga na sallama ƙafar. Mai adaidaitan nan dattijo ne, ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Ɗana, bar lissafi, kama Hasbunallahu." Ya kai mu har bakin ɗakin gaggawa, ya kama aka sauke ni, ya ƙi karɓar ko sisi. Ko sunansa ban sani ba. Baba, duk inda kake, Allah ya biya ka da Aljanna.

Sai daren tiyata, da aka ce a nemo jini, ga nawa irin wanda ake wahalar samu ne. Sha ɗayan dare ta wuce, amma Oga, maigidana a gareji, ya kwaso yaransa su tara, da kayan aikinsu, baƙin mai har gwiwar hannu. Kocinmu ya zo da rabin 'yan wasa. Nas ɗin da ke aiki ta ba su sabulu ta ce su wanke hannu tukuna, suka yi layi a bakin famfo. Biyu kacal jininsu ya dace, ɗaya shi ne ƙaramin yaron Oga da ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba. Ya runtse ido ya miƙa hannu.

Oga, na san ka hana ni faɗa, amma kai ka biya kuɗin ƙarfen da aka sa min. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya raya maka zuri'a. Likitocin da suka ceci ƙafar nan, da ma'aikatan jinya, da masu gashin ƙashi da suka koya min tafiya da sanduna, Allah ya sa aikinku a mizani. 'Yan ajinmu da ke kawo min darasi har gado, Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa. Hajiya da Yaya Babba, da kuka kwana 23 a kan tabarma, Allah ya ba ni ikon kyautata muku. Akwai 'yan uwan da tun ranar da muka ƙi zuwa wajen mai ɗori ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, alhali tsakaninmu da su bai fi kuɗin adaidaita ba. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Fijo 504 ɗin Baba, haɗin Kaduna, da na shekara biyu ina gyarawa ban gama ba, ashe yaran gareji sun ƙarasa ta ina kwance. Da ita suka zo ɗaukata jiya. Oga ya murza makulli ta tashi bugu ɗaya, Hajiya ta rufe fuska da mayafi.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe ina zuwa gashi.