Tarihin rayuwata, kashi na 11: shekarun da kanwa ta ci parsal ɗin Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin da ya wuce na ce yau zan ba ku labarin aurena na fari, to ku yi haƙuri auren nan ya jira, don shekaranjiya wajen wani suna a Talaje na ji Yaya babba da kunnena yana gaya ma mutane wai shi ne ya raya parsal ɗin Baba, wato gonarshi ta shinkafa, bayan kanwa ta cinye ta. Shi! Ban ce uffan ba saboda idon jama'a, na sha lemuna na tashi, amma kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Don haka kashi na 11 maganar kashi ce, kashin shanu nake nuhi, wanda bai iya jure wari ba ya toshe hanci.

Kun riga kun san yadda Baba ya baro Adar bayan yunwar 1984 ya yi ga-ruwa a Yamai, har Allah ya haɗa shi da amininshi Bazabarme, wanda ya bar mishi rubu'in hekta a wani amenajma kan hanyar Kollo. Irin gonakin nan ne na bakin gulbi da ke ƙarƙashin ONAHA, hukumar gwamnati mai kula da gonakin ban ruwa wadda anka kafa a 1978, pompo ya ɗago ruwa ya zuba a kanal, shinkafa sau biyu a shekara rani da damana, bayan girbi ka biya redabans, wato kuɗin ruwa da hidima. Mu Adarawa ina muka san shinkafa? hatsi da albasa muka sani. Abu ɗaya Baba ya zo da shi daga gida, shi ne tassa, ka haƙa ɗan rami a faƙo ka zuba taki cikin tahi ɗaya ka jira ruwa, mutumin da ya tashi a kan wannan ba ya iya wuce kashin jaki a hanya bai duƙa ba.

Parsal ɗin tana can ƙarshen layi, gab da magudanar hidda ruwa wadda laka da kacalla sunka toshe tun kahin mu zo. Allah ya jiƙan aminin Baba, ban ce ya cuce mu ba, amma daga baya na gane abin da ya sa kyautar ba ta yi mishi nauyi ba.

Ba na manta wata asuba cikin watan Maris, muna zuwa sai ga kunyoyin gefen gabas sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Baba ya tsuguna ya ɗan kankaro da farce ya ɗora a harshe, ya tofar, ya miƙo mini ya ce ɗanɗana. Ni na zaci zan ji gishirin miya, ashe ɗaci ne, wani irin ɗaci mai kama maƙogwaro. Shinkafar kuwa tana tsaye cikin ruwa har idon sawu amma bakin ganyenta ya ƙone ya nannaɗe, ba ta yi ƴaƴa ba, wadda ta daure ta yi kai in ka murza zangarniyar rabi ƙaiƙayi. Maƙwabtanmu na sama suna kwashe buhu goma sha biyar, mu bakwai da ƙyar, kusurwar gabas kuwa ko tiya ɗaya. Kowa ya ce ma Baba ƙara angire, wato takin zamani. Ya ƙara ure, farin nan mai kama da sukari, ya ƙara kanz-kanz, takin nan 15-15-15, ganye ya ɗan yi kore sati biyu ya koma gidan jiya. Sai ga watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, takin zamani ya hau sama, to a wannan shekarar ce Baba ya fara faɗin maganar da har ya koma ga Allah bai daina ba: ba a korar kanwa da kuɗi, sai da kashi.

Da shi da wa ya yi aikin? Da ni. Yaya lokacin yana Katako wajen masu sayar da katako da langa-langa, wando a goge, ko hanyar gonar bai cika sani ba. Ni ne ranar Alhamis da Lahadi in babu lakwal nake bin amalanke zuwa turakun Lazare mu kwaso kashin shanu da na tumaki, mu biya ta wajen injin casa mu roƙi buntu, shi a lokacin kyauta ma ake ba ka don ka rage musu tsibi. Baba ya haƙa rami bakin gona zurhinshi ya kai ƙuguna. Tattakar shinkafa a ƙasa, kashi a kai, buntu, ɗan toka, ruwa, sai kuma a sake tattaka, haka haka har ya cika a ruhe da tsohuwar tabarma. Duk bayan sati biyu mu juye shi. In ka cusa hannu ciki zahi kamar tukunyar tuwo, tururi na tashi da sanyin sahiya, Baba ya ce to ya kama, in babu zahi ka sani aikin banza ka yi. Wata biyu zuwa uku sai ya zama baƙi sidik yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Amma kahin ya kai nan wari ne, kuma warin ya bi ni har aji, yara sunka laƙa mini ɗan juji, har mushe, malaminmu na aji, wata rana ya ce in koma bencin baya. Yaya da bakinshi ya taɓa ce mini in daina zama kan tabarmarshi. Shi ne yau mai raya gona.

Shekara ta biyu wani malamin gona ya zagayo da wata ƴar na'ura kamar babban bik, ya dama ƙasarmu da ruwa a gwangwani ya tsoma ta. Ya ce shinkafa tana fara shan wuya in lambar gishirin da na'urar ta nuna ta wuce 3, kuma duk ɗaya da ta ƙaru a kai kamar kashi 12 cikin 100 na amfani ne ya tahi, tamu ta nuna wajen 7, kun ga lissahin buhunan nan bai yi ƙarya ba. Ni ne tafinta ranar tunda Baba ba ya jin faransanci shi kuma malamin hausarshi gurguwa ce, shi ya sa bayanin ya zauna mini. Ya ce gishirin riƙe ruwa yake, saiwa tana jiƙe amma ƙishirwa take ji. Ya ce sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin, da potas, abincin shuka, ƙofa ɗaya suke bi su shiga saiwa, in sodiyam ya yi yawa sai ya tare ƙofar, ka zuba taki iya kuɗinka shuka ba ta iya ci, ga shi angire ɗin ma kanshi wani nau'in gishiri ne. Ruɓaɓɓen taki kuwa yana sassauta lakar nan mai ƙarhi ya buɗe mata hanyoyi ruwa ya sauka ƙasa ya tahi da gishirin, yana kuma sakin abinci kaɗan-kaɗan. Abin da ya hi tsaya mini shi ne da ya ce potas ɗin da shinkafa ta sha, wajen kashi 80 cikin 100 a jikin tattaka yake zama, ba a ƙwaya ba, wato duk wanda ya kwashe tattaka ya sayar potas ɗin gonarshi ya sayar. Na juya ma Baba da hausa, ya yi dariya ya ce gaya ma yaron nan duk wannan faransancin kashi dai yake nuhi.

Sai dai malamin ya ƙara abu ɗaya da Baba bai so ji ba, wai in ba a yashe magudanar ba ko tirela goma ta taki ka zuba gishirin ba shi da inda za ya je, rana ta yi zahi ya sake hawowa. Mun yi kwana tara cikin lakar nan da shebur, matsattsaku sun sha jinina har na gaji da cirewa. Ya kuma yi zancen jips, dutsen nan da mutanenmu ke tsinta a Adar ana kai ma izinin siminti na Malbaza, ya ce maganin ƙasa ne mai sodiyam wadda ta toshe ba ta shan ruwa, amma kada mu kashe kuɗi a kai sai an auna tamu. Ba mu saya ba. A girbi na biyar da fara ramin munka ɗaure buhu goma sha uku, kusurwar gabas ma ta ba da nata.

Nan zan yi tsalle, shekarun da na yi a Kwatano na riga na ba ku wasu, wasu kuma ba na ba kowa.

Ina can Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, gona ta koma hannun Yaya tunda shi ne babba. Yamai kuwa kun san yadda masu kiwon ragunan layya ke neman tattaka ido ruhe, tun ba a gama bugu ba amalanke na tsaye bakin gona da kuɗi a hannu. Yaya ya sayar. Girbi shida a jere yana sayarwa, ramin Baba ya zama wurin zubar da leda, magudana ta sake cikewa, shi dai a watsa ure a tahi. Da farin nan ya dawo kan kunyoyi sai ya ce wai sammu anka yi ma gonar, har da kai kuɗi wajen wani malami, daga ƙarshe ya jinginar da ita bai shawarci kowa ba, ko Inna a bakin maƙwabta ta ji. Da na dawo na je na tsaya bakin parsal ɗin na kankaro farin da farce na sa a harshe, ɗacin nan dai, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na tuna a waya ta ƙarshe da munka yi da Baba muryarshi ta riga ta shige, abin da ya tambaye ni shi ne wa ke juya ramin, na ce mishi Yaya na juyawa, ƙarya na yi mishi don hankalinshi ya kwanta, har yau abin na cina.

Saniyar Inna ce ta fanso gonar, wannan a rubuta a ajiye, ba kuɗin Yaya ba kuma ba nawa ba. Ni ma kuma ba zan wanke kaina tas ba, shekarar farko garaje ya ɗebe ni, na ce ina zan jira wata uku, na turmusa ɗanyar tattaka cikin laka kwana huɗu kahin dashe, na ƙara da kashin kaji ɗanye buhu biyu. Dashen ya yi rawaya kamar an zuba mishi ruwan zahi, laka tana kumfa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ashe tattaka in tana ruɓewa ita ke fara cinye azot, abincin shukar da ure ke bayarwa, kahin shuka ta samu, kashin kaji kuwa zahi gare shi ga nashi gishirin. Rani guda na yi asara. Inna ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi ubanka da kashi ya ce, bai ce da gaggawa ba. Na koma na tone ramin Baba a daidai inda yake, har tsohuwar tabarmar na tarar a ƙasa ta ruɓe. Ure ban daina sawa ba, kada wani ya ce na ce a bar takin zamani, ina sawa amma rabin na da, kuma yanzu in na sa ana gani a ganye.

Ambaliyar Satumban 2020 da ta shanye gonakin bakin gulbi ba ta bar mu ba, shinkafar damana duk ta tahi, ramin ma ruwa ya share shi, wannan labari ne na daban. Abin da nake so ku sani ko a ranar Yaya bai zo ya ga ɓarnar ba, waya ya bugo yana tambaya ko rabonshi na buhunan rani yana nan.

To jiya da magariba sai ga ɗan Yaya na biyu a ƙofar gida, yaron kirki ne ba ruwanshi, ya gaishe ni ya ce Baffa, Baba ya ce in akwai takin nan na rami a taimaka mishi da amalanke biyu za ya sa a garkarshi ta salati. Na ce mishi ya je zan yi tunani. Inna tana daga ɗaki ta ji, ta ce kai dai ba shi, kashi ne fa. Ramin na yanzu saura juyi ɗaya ya nuna, sai ranar Lahadi zan je in cusa hannu in ji. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu maganar auren.